Ruwan Masu Gadin Auduga

Ta juya ganye na bakwai, nan ma babu ko tururuwa ɗaya.

Ɗalibar ta gyara tsugunno, ta kai gilashin ƙara girma ƙasan ganyen audugar. Ɗan gurbin yana nan bisa jijiyar tsakiya, bai fi kan allura ba, ɗigon ruwan zaƙi ya taru a bakinsa. Da wannan ruwa auduga ke kiran tururuwa, su sha, su kore mata tsutsa. Abin da take aunawa ke nan a gonar gwajin sashensu: ƙirgar sati goma sha biyu, kowace safiya, kafin a yarda ta rubuta kundin kammala karatu. Yau ta shiga na sha ɗaya. In ƙirgar ta katse sai baɗi, don auduga ba ruwanta da jadawalin jarrabawa.

A ganye na tara ta ji warin magani. Ta dubi ƙasa. Ga tururuwar nan birjik a gindin shukar, matattu, sun nannaɗe kamar an zubar da ganyen shayi.

Baba mai ban-ruwa ya taho yana jan tiyo, baki har kunne.

"Malama, kin gani ko? Jiya kina tafiya na gama da su. Duk layi shidan."

"Da me, Baba?"

"Feshi mana. Mai ƙarfin, ba na wasan yara ba." Ya ajiye tiyon. "Wata biyu da rabi ina kallonki, kullum a tsugune kina rubuta ɓarnarsu, rana na dukanki, suna cizon hannunki. Na ce 'yar nan kunya ce ta hana ta roƙo. Ba sai kin gode ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta rasa wanda za ta sauke wa. Ta yi wa malaminta bayanin aikin nan, ta yi wa kwamiti, har yayarta ta gaji da jin sa. Mutumin da ke shayar da shukar kuwa, tsakaninsu ina kwana ne da ina gajiya.

Baba ya nuna wata koriyar tsutsa da ke hawa kara hankali kwance. "Ga wata kuma. Gobe zan zo mata da nata."

"A'a, bar ta. Matso ka gani."

Ta miƙa masa gilashin, ta riƙe masa ganyen. Ya runtse ido ɗaya, ya daɗe yana leƙe.

"Ikon Allah. Ganye da ƙorama. To wannan ruwan na waye?"

"Na masu gadin audugar ne."

Ya ɗago, ya dubi tsutsar, ya dubi gindin shukar. Ruwan tiyo na malala ta ƙarƙashin takalminsa, bai matsa ba.

Ta buɗe littafinta, ta rubuta kwanan wata, ta sa sifili a layin farko.

"Riƙe min ganyen gaba, Baba," ta ce. "Saura ɗari da goma sha ɗaya."