Takwas ɗin da ta rufe rijiyar Maikuɗi

Akwai mutumin da zai gwammace ya yi asara da ya buɗe baki ya tambayi na ƙasa da shi. Girman kai ke nan, kuma shi ya ci Maikuɗi na garin Sara.

Maikuɗi yana da rijiya a bakin lambunsa, sai da ya fasa dutse kafin ya tarar da ruwa. Da rani ya shigo, ma'aikata suka zo daga Birnin Kudu suna auna ruwan rijiyoyi, saboda wani tururi da dutse ke fitarwa wanda ido ba ya gani. Cikinsu har da Mansura, 'yar ƙanensa.

Ta ɗebi ruwa, na'ura ta nuna takwas.

"Baba, bekwarel takwas ne a lita. Bari in yi maka bayani."

"Ni za ki yi wa bayani? Da na haƙa rijiyar nan ko tatata ba ki fara ba. Gaida Innarki."

Ta tattara kayanta, suka wuce garin Kwandiko.

Dama ya taɓa ji a rediyo cewa kada abin da jiki ke ɗauka na tururin ya wuce ɗaya a shekara. Ɗaya na me, bai riƙe ba. Ya zauna gindin mangwaro ya yi lissafinsa: an ce ɗaya, nasa takwas. Guba ke nan ninkin-ba-ninkin, ga jikokinsa na sha. Bai shawarci kowa ba, ya sa aka cike rijiyar da duwatsu da ƙasa.

Ranar Juma'a Mansura ta zo gaisuwa, ta tarar da tudu.

"Innalillahi! Baba, ina rijiya?"

"Na rufe. Rediyo ya ce kada a wuce ɗaya, ke kin ce takwas. Takwas ta fi ɗaya, ko a bokonku ba haka ba ne?"

"Mudu takwas ya fi buhu ɗaya? Ma'aunin ba ɗaya ba ne, Baba. Bekwarel yawan garwashin da ke murhu ne. Ɗayan da ka ji milisibat ne, zafin da ya taɓa jikinka. Sai an juya wannan zuwa wancan. In ka shekara kana shan ruwan nan, ko kashi ɗaya cikin goma na ɗayan ba za ka ɗauka ba."

Maikuɗi ya dubi tudun, ya gyara hula.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ka ce in gaida Inna. Tana amsawa."

Rijiya dai ta tafi. Albasar da ke fangali ta ƙone ba ta yi kai ba, tumatir ya zubar da fure, shanun huɗa sai an kora su rafi, matan gidan kuma suka koma roƙon guga a maƙwabta.