Muryar da Ta Shiga Fim ɗin Hajiya

A cikin motar haya ta fara jin kiɗan. Wani mutum a kujerar gaba ya ƙure wayarsa yana ta ƙyalƙyala dariya, sautin na shiga kunnen Maman Biyu ta gane shi. Wannan kiɗan ai a falonta aka haɗa shi! Wata da watanni mijinta, mai tace fina-finai, yana gaban kwamfuta yana yankewa yana jonawa, har 'yan biyunta sun haddace waƙar. Fim ɗin da aka ce sai mako mai zuwa za a sake shi, ga shi a hannun wani yana kallo a ɓagas.

Ta san ta inda ya fita, wallahi ta sani. Innarta ce ke kwance ba lafiya, kullum tana mitar ba ta taɓa ganin aikin surukinta ba. Ranar da maigidan ya fita ya bar kwamfutar a kunne, Maman Biyu ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta saita ta ga allon, ta ɗauke fim ɗin tas. Inna ta kalla, ta yi dariya, ta sa albarka. Daga baya wayar ta faɗa bokitin wanki, aka kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Shi kuwa mai gyaran nan, Allah ya isa, rabin sana'arsa tura wa mutane fina-finai ce.

Da ma fim ɗin kaɗai ya fita, da da sauƙi. A tsakiyarsa, daidai inda jarumar ta shiga ɗakin ajiya allon ya yi duhu, yaran sun faɗo falon suna ihu, ita kuma ta daka musu tsawa. Tsawar nan tana ciki, kalma bayan kalma.

Tana isowa gida ta ga farar mota a ƙofa.

Hajiya Mai Ƙanƙara ce, wadda ta zuba kuɗin fim ɗin. Firjinta ta sayar, manya-manyan, har da janaretan da ke riƙe su, don a gama aikin nan. Kowa ya ji ta rantse duk wanda ya fitar da shi sai ya kwana a bayan kanta, ko da ɗan cikinta ne. Ga ta nan zaune a kujerar falo, jaka a cinya, maigidan na tsaye gefe kamar an dasa shi.

"Sannu da zuwa, Hajiya," in ji Maman Biyu, ta durƙusa.

"Yauwa 'yata. Zauna, kallo za mu yi. Fim ɗina na sayo a kasuwa, kin ji abin dariya ko? Mijinki ya rantse min ba daga ɗakin nan ya fita ba. To, shi ne gwani, ya duba min na satar, ya faɗa min hannun wa ya bi."

"Bari in kawo ruwa, Hajiya."

"Na sha. Zauna."

Ta zauna a kan tabarma. Maigidan ya jona wayar Hajiya da talabijin, fim ya fara, hoton ya ɗan karkace gefe guda. Maman Biyu ta gane karkacewar, gwangwanin madara ne bai zauna daidai ba.

Hajiya na kallo tana magana, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. "Na ce wa mai tura shi wannan dukiyata ce. Wai sai ya ce min, haba Hajiya, fim ne fa, me aka cire miki a aljihu? Ƙanƙarata ma ruwa ce kawai, amma ba wanda ya taɓa ɗauka ya tafi bai biya ba. 'Yan wasa suna jirana, mai kyamara yana jirana. Mijinki ma ban sallame shi ba."

Jarumar ta ɗauki makulli ta nufi ɗakin ajiya. Maman Biyu ta sunkuyar da kai. Tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa ji ba ko ranar haihuwar 'yan biyu. In muryar nan ta fito, an gama da mijinta, ba mai sake ba shi fim ya shiga da shi gida. Ta roƙi Allah a ɗauke wuta, wutar da kullum sai an ɗauke, yau ta ƙi ko ƙiftawa.

Jarumar ta sa makulli a ƙofa. Sai maigidan ya yi tari, ya ɗauki rimot kamar zai gyara hoto, ya rage sautin gaba ɗaya. Allon ya yi duhu, ɗakin ya yi tsit, wurin ya wuce.

Maman Biyu ta ɗago ta dube shi. Bai dube ta ba. Ashe ya sani. Ya riga ya ji, ya kuma rantse wa Hajiya yana sane.

"Me ya samu maganar?" in ji Hajiya.

"Ai haka na sata yake, Hajiya, sauti yakan ɗauke."

Hajiya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa tafin hannu. "Ba ni abin nan, ɗana."

Ya ba ta. Ta mayar da fim ɗin baya da kanta, ta ƙure sauti har talabijin na gurnani. Jarumar ta sake sa makulli, allon ya yi duhu, inuwar fuskar mai ɗaukar, mace da ɗankwali, ta bayyana dishi-dishi a cikin duhun. Muryar Maman Biyu ta cika falon.

"Kai, 'yan biyu, ku yi min shiru! Inna nake ɗaukar wa. Kuma kada wanda ya faɗa wa Babanku."