Ƙuma a Buhunan Wake

Wanda na gada a mangaza, wato ɗakin ajiyar ƙungiyar manoma ta Attantane, buhu uku suka ɓace a hannunsa. Shekara huɗu ke nan da korarsa, amma har gobe Iliyasu Buhu Uku ake ce masa. Shi ya sa ni Zulfa, ko barci nake mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena.

Bana aka aiko mana da irin wake buhu arba'in daga Tasawa. A bakin kowane buhu an ɗinke wani ɗan abu kamar laya, da Faransanci ana ce masa pus. Idan aka haska masa na'ura, ko daga nesa ne, sai ya amsa da lambarsa. Doka kuwa ɗaya ce: buhun da bai amsa ba, ya ɓace.

Ranar da aka sauke kayan ina Mayahi wajen jana'izar goggona. Wannan karon dole na bar wa Baba Cindo mai gadi mabuɗi. Na dawo ranar Laraba, ina isa motar Madam Khairat mai duba kayan ƙungiya tana tsayawa.

Na karɓi mabuɗina, na buɗe ƙofa. Wake yana nan jibge, amma cikin tsofaffin buhunan gero, ga warin toka. Madam ta ɗaga na'urarta, ta zagaya, ta sake zagayawa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wallahi tsoro na ji, har na fara jin sunan da yara za su laƙa mini.

"Madam Zulfa, ina kayanmu?"

"Ga su nan, ranki ya daɗe."

"Wake na gani. Buhunanmu nike tambaya. Zero ta nuna mani."

Sai ga Baba Cindo ya shigo yana washe baki, kamar mai jiran tukwici.

"Ɗiyata, kwantar da hankalinki, na gama da su. Lamine direban da ya kawo kayan da bakinshi ya ce mani, Baba a kula, kowane buhu da pus a jikinshi. Ni za a gaya wa pus? Shekara tara ina kuku gidan Bature a Maradi, karenshi kullum pus. Ƙuma ke nan da Faransanci! Na ce ba ta cinye irin talakawa ina raye. Na juye waken, na barbaɗe shi da toka, buhunan kuwa na dafa su a tukunyar suna. Har wasu 'yan layu na gani jiki, su ma na jefa wuta. Ko ɗaya ba ta tsira ba."

Kwana biyu tsohon nan ya yi yana wannan aiki shi kaɗai, da ciwon bayansa.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta sa aka auna waken, ya cika cif, ko tiya ba ta yi ciwon kai ba. Duk da haka ta zaro takarda.

"Sata babu. Amma an buɗe kaya ba izini, an lalata pus arba'in. Suna guda za ni rubutawa, kuma mai sunan ya bar aiki. Wa ya ba da umarni?"

Baba Cindo ya gyara hula, ya buɗe baki zai faɗi sunansa har da na ubansa. Bai ma gane me ake ciki ba. Shekararsa saba'in, gadin nan ne tuwonsa.

"Ni ce," na ce. "Ni na bar masa saƙo."

Ya dube ni da ɓacin rai, wai na ƙwace masa yabo. Har yau bai yafe mini ba.

Na kwance mabuɗin daga bakin zanena na miƙa. Yanzu idan na ratsa kasuwa, Zulfa Ƙuma yara suke kirana, kuma ina amsawa. Ya fi mini Buhu Arba'in.