Ya Haɗiye Ko Bai Haɗiye Ba

…to amma ai ya kai kofin baki. Wannan kam ta gani, ko rantsuwa aka ce ta yi a kai za ta yi, ba ko ɗar. Kofinta ne ma, na tangaran, wanda take ajiyewa saboda baƙi. Da gudu ta shiga gida ta ɗauko, ta ɗauraye, ta tara a famfon unguwa, ta miƙa masa hannu bibbiyu. Shi kuma jami'in hukumar ruwa ya karɓa, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya kai baki. Sai kuma me?

Nan ne kullum abin yake tsaya mata.

Tana zaune a kan benci a barandar kotu, jaka a cinya, ƙafafunta sun yi tsami. Fanka tana juyawa a sama, ƙara kawai, ba iska. Yau ita ce shaida. Ita da ko rigimar yara ba ta iya rabawa sai ta rikice… ita ce wai za ta tsaya gaban alƙali ta kama gwamnati da yaudara.

Lauyarsu, yarinya mai natsuwa, ta maimaita mata har ta haddace: “Mama, kuskure daban, yaudara daban. In kuskure ne, za su ce tsautsayi, a ba ku haƙuri a tashi. In kuwa ya san dattin masana'anta ya shiga ruwan har ya ƙi haɗiyewa, to dole gwamnati ta ɗauki jinyar Baba da ta sauran. Ke kika fi kowa kusa da shi. Ki faɗi abin da kika gani kawai.”

Kawai! Ji wani kawai.

Baban yara yana can asibiti a jikin injin wankin ƙoda. Hannun nan da ya shekara yana riƙe zarto da guduma, yanzu ya kumbura, ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Kayan aikinsa na kafinta duk an sayar, saura teburin da ba mai so. Likita ya ce in aka tsallake wanki… a'a, ba yanzu ba, kada ta tuna wannan yanzu.

Shi fa ya ƙi ruwan tun farko. Tun da ruwan famfon ya fara ƙarnin tsohon ƙarfe ya ce ba a gidansa ba. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya tura baro can wata unguwa ya ɗebo, bayansa na ciwo, yana mita, yana ɗebowa. Ranar da jami'in ya zo ba ya nan. Ya dawo da yamma, ƙurar katako a gemu, ita kuma bakinta har kunne — ka huta da dakon ruwa, babban mutum ya zo ya sha a gabanmu. Ya ce kin gani? Ta ce na gani mana. Ya yi dariya, ya ce to wane ni, ɗan kafinta, in fi ƙarfin ruwan da manya suka sha. Ya cika moɗa ya shanye a tsaye.

Ita ta ce masa jami'in ya sha. Yau kuma ana so ta ce bai sha ba. Da wane bakin?

Maƙwabciyarta ta rantse leɓɓansa a rufe suke, ruwan ya taɓa ya koma. Mai aski ya ce ƙarya ne, har kurɓa biyu ya yi, ya ma yi hamdala. Su biyun kuma a bayan taro suke, ta sani, don maƙwabciyar har ɗage take yi. Tun da ciwo ya shigo unguwa kowa ya zama mai kaifin ido. Da can fa? Da can tafi aka yi. Ita ma ta tafa, ko ba ta tafa ba… da kofi a hannu ta yaya za ta tafa? To ke nan kofin ba ya hannunta? Ya miƙo mata, ko direbansa ne ya karɓa?

Nauyin kofin. In da za ta tuna nauyinsa. Ta sha cika shi a kicin, ta riƙe, ta rage, ta sake riƙewa, ta rufe ido tana jira hannunta ya gaya mata. 'Yarta ta shigo ta same ta a haka, ta ce Umma, ki zauna ki huta. Kallon da ta yi mata irin wanda ake yi wa wanda kansa ya fara taɓuwa ne. Wataƙila ma ya fara ɗin. Wani lokaci tana ganin maƙogwaron jami'in yana hawa da sauka, sarai. Wani lokaci kuma tana jin sanyin ruwa a ƙafarta, kamar ta zubar da cikakken kofi a gindin famfo. Dukansu biyun tana tuna su, dukansu biyun kamar jiya.

Shi kuma lauyan gwamnati, a zaman da ya wuce, ya tashi yana gyara riga, wai jami'in an yi masa canjin wurin aiki, wai hukumar ma an haɗe ta da wata an sake mata suna, wai gwamnati ba ta sha ruwa ba, ba ta kuma ƙi sha ba, don ba ta da maƙogwaro. Har wasu suka yi dariya. Ita ranta ne ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai. Ranar da jami'in ya zo, da bakinsa ya ce gwamnati ce ta aiko shi, motar da tambari, da 'yan rakiya, da mai ɗaukar hoto. Hoton ma ya tsaya daidai inda tunaninta yake tsayawa: kofi a leɓe. Ranar shan ruwa shi ne gwamnati, ranar shari'a ya koma mutum ɗaya da ba a san wanda ya aike shi ba. To ita wa take ƙara? Motar?

In ta ce bai haɗiye ba… wa zai ƙaryata ta? Ai ya cancanta. Ai sun sani, zuciyarta ta ba ta sun sani. Amma rantsuwa ce fa. Ta je gaban Allah da wannan? Ta kuma je gaban baban yara da hannu wofi?

Takun ƙafa a baranda. Mutane suna gyara zama. Shi ne, jami'in — ya ƙara ƙiba, lauyoyi biyu a bayansa, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Ya gane ta. Har ya tsaya.

“Sannu, Mama. Ya mai jiki?”

“Da sauƙi, ranka ya daɗe.”

Kafin ta ankara ta ɗan rusuna, kanta ya yi ƙasa da kansa, kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Ba a zuba wa babba ido. Baƙo in yana ci ko yana sha, ba a kallon bakinsa, rashin tarbiyya ne…

Takalmi.

Baƙi, mai tsini, da ɗan ƙarfe a gefe. Ba wannan ba, wancan, na ranar. Ga shi nan a gabanta fes, da laka kaɗan a bakinsa, da ruwan famfo yana gangarowa ta gefensa, da tururuwa ɗaya tana neman hanya. Duk tsawon lokacin da kofin yake bakinsa, nan idonta yake. Ba ta ɗago ba sai da ta ji tafi.

Ashe ba mantawa ta yi ba. Babu abin da za ta tuna.

Shi kuma… ya san ba za ta kalla ba? Ya san duk na gaba-gaba za su sunkuya? Ko ita ce yanzu take ƙara masa wayon da ba shi da shi?

Ƙofa ta buɗe. Masinjan kotu yana kiran shaida ta farko. Lauyarsu ta leƙo tana murmushi, tana yafito ta da hannu, fuskarta cike da sa rai. Tana miƙewa, tana laluben jaka, baranda tana ɗan juyawa. Can asibiti ana jiran ta dawo da labari. Nan ciki alƙali zai ce ta faɗi abin da ta gani, ita kuwa abin da za ta iya rantsewa a kai guda ɗaya ne tak… an goge takalmin sosai ranar.