Katin Kyaftin Arlo

Shekara uku ke nan da Wendell Prokop ya zuba kuɗinsa a wani wasan allo na jiragen ruwa, wanda wasu mutum uku a Ohio suka ce za su buga in jama'a sun haɗa musu jari. Ya zaɓi mataki mafi tsada, wanda ake zana fuskar mutum a kati, ya aika da hoton yayansa Arlo, tsohon matuƙin jirgin dakon ƙarfe a tafkin Superior. Duk Alhamis su biyun kan baje allon wani wasa a teburin kicin ɗinsu na Duluth, Arlo yana cinye shi yana tsokanarsa da "Auta". Burin Wendell guda ne: wata Alhamis Arlo ya jawo kati ya ga kansa da hular kyaftin. A lokacin mantuwar Arlo ba ta wuce ta makulli ba.

A shekara ta biyu kamfanin ya sa a kaɗa ƙuri'a. A aiko da wasan yanzu da jiragen kwali, ko a jira wata takwas a samu na ƙarfe? Wendell ya san yayansa ya raina kwali, don haka ya zaɓi ƙarfe ko tunani bai yi ba. Masu ƙarfe suka yi nasara da ƙyar.

Wata takwas ya zama ashirin. Kowane saƙon kamfanin da "albishirinku" yake farawa, sai ka kai tsakiya ka tarar masana'anta ta ɓata fenti, ko kaya sun maƙale a tashar ruwa. A ƙasan saƙon kuwa, inda masu zuba kuɗi ke sharhi, faɗa ake kamar a mahauta. Wani ɗan Texas ya cika shafi da ƙorafin launin ɗan lido, wasu kuma suna kare kamfanin sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Wendell bai tsoma baki ba. Sau ɗaya ya rubuta wa kamfanin, ya ce yayansa ya fara mance ƙa'idar wasannin da shi ya koya masa, ko za su aiko da katin kawai. Cikin minti ɗaya amsa ta zo, irin wadda na'ura ke turawa kowa, tana gode masa da haƙurinsa. Ranar ya ji haushinsu, amma haushin kansa ya fi yawa.

Akwatin ya iso a watan Maris, bayan an kai Arlo gidan kula da tsofaffi. Wendell ya jira Alhamis, ya kai shi ɗakin bayan abincin rana. Arlo ya ɗauki jirgi ɗaya ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce wannan ƙarfe ne na gaske. Nan take Wendell ya miƙa masa katin. Mai zanen ya yi ƙoƙari, har tabon haɓa bai bari ba.

Arlo ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, wannan bawan Allah fa? Ka san shi?"

"Na san shi. Yayana ne."

Arlo ya goge katin da hannun rigarsa a hankali, ya mayar masa.

"To, maza ka kai masa. Zai ji daɗi."