Mai Jego Bisa Soro

Raihanatu ta ɗora ƙafa a kan tsani ke nan sai ta ji an riƙe mata zane ta baya.

"Sauko," in ji mahaifiyarta, Inna Delu. "Ban taɓa ganin mai jego bisa soro ba, kuma ba ga ɗiyata za a fara ba. So kike mutanen ƙauyen ga na Giwa Tazo duk su sa ni baki?"

"Inna, can sama kaɗai ake samun sabis. Kin ce ba ni fita sai na yi arba'in, to ga shi ban fita ba. Soron ga ai cikin gidanki yake."

Tsohuwar ta harare ta. Ta saki zanen, ta yi tsaki, ta koma ɗaki wurin jaririya.

Raihanatu malama ce a jami'a a Aliero, kuma ta daɗe tana fama da digiri na uku kan yadda za a ajiye albasa ba ta ruɓe ba. Ta sha rana a rumbunan manoma har ta yi baƙi, ta sha warin ruɓaɓɓiya da ciki tsoho. Tana gab da gamawa sai ga korona. Aka rufe makarantu, aka tsare hanyoyi, mijinta Rufa'i ya maƙale a kudu da motar albasa. Ta haifi Bushra a Jega, Inna ta kwaso su zuwa ƙauye wankan jego. Sai saƙo ya iso cewa wa'adin karatunta ya ƙare, yau da hantsi za ta kare kundinta ta waya. In yau ta wuce ta, shi ke nan, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Ta ture barkonon da aka shanya, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina wayar a jikin kwando. Fuskokin malaman da za su jarraba ta suka bayyana a wayar, wasu da takunkumi a haɓa. Jiya mai duba aikinta ya ja mata kunne: "Don Allah kada a ji kukan jariri. Farfesa Murtala ba ya son wasa."

Kuma lallai ba ya so. Daga gaisuwa ya shiga jefo tambaya, tana tarewa. Ta fara samun kanta ke nan sai kuka ya tashi daga ƙasa. Ba irin kukan da jijjiga ke kashewa ba ne, na yunwa ne. Nan take nono ya kawo, ta ji rigarta ta jiƙe a ƙarƙashin hijabi.

"Malama, ina jiran ki," in ji Farfesa. "Me ya sa albasar rumbun kara ta fi ta ɗakin siminti daɗewa?"

Tambayar da ko daga barci aka tashe ta za ta amsa! Amma kanta ya ɗauke ɗif. Tana jin kukan yana shiɗewa, tana jin tsoro da haushin kanta, har hawaye ya taru mata.

Sai tsani ya motsa. Ɗankwalin Inna ya leƙo, sannan Inna kanta, ba takalmi, tana haki, Bushra a goye da laima a hammata. Matar da ko turmi ba ta yarda ta taka, ita ce ta hawo soro.

"Karɓi abarki," ta ce a hankali. "Ta ƙi goyo, ta ƙi lallashi."

Raihanatu ta dubi wayar, ta dubi 'yarta da ta yi jajir. Ta miƙa hannu.

"Farfesa, ku yi mini haƙuri. 'Yata ce take jin yunwa. Zan amsa tana sha."

Mai duba aikinta ya dafe goshi. Farfesa ya gyara tabarau, ya ce, "To, muna ji."

Bushra ta kama nono a ƙarƙashin hijabi, kukan ya yanke, kan Raihanatu kuma ya buɗe. Ta yi bayanin iskar da ke ratsa kara, da ɗaga gindin rumbu daga ƙasa, da barin wuyan albasa ya bushe kafin a yanke ganye. Ta kawo abin da ta gani a Aliero, ta kawo na Maiyama. Da Farfesa ya nemi ya kama ta a wani lissafi, ta nuna masa shafin ba tare da ta duba ba. Iska ta ture wayar, Inna ta cafke ta, ta riƙe da hannu ɗaya, laima a ɗayan, tana durƙushe tana sunkuyar da kai kada maƙwabta su hango ta.

Aka ce ta jira, za su yi shawara. Fuskokin suka ɓace.

"Sun tahi?" Inna ta tambaya cikin raɗa. "Ba dai ɗiyar ga ta ɓata miki ba?"

"Ban sani ba, Inna."

Suka zauna rana na dukan laima. Tsohuwar ta ƙi ajiye wayar.

Fuskokin suka dawo. Farfesa Murtala ya yi gyaran murya. "Akwai 'yan gyare-gyare, ba su da yawa. Barka, Dakta Raihanatu. A gaida mai riƙe da waya."

Raihanatu ta kifa fuska a kan 'yarta, tana kuka tana dariya.

"Mi ya ce? Ke, hwaɗa mini!"

"Na ci, Inna. Na gama."

Inna Delu ta ajiye wayar a kan tabarma. Ta dafa gwiwa, ta miƙe tsaye sak a tsakiyar soron, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa. Mata suka firfito tsakar gidajensu, masu zama a gindin darbejiya suka ɗaga kai. Tsohuwar ta ja numfashi, ta juya wajen masallaci inda mutane suka fi yawa, ta sake rangaɗa wata.