Maɓallin da Ke Bayan Giya

Mai Kemis bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan motarsa ba, kuma yana taƙama da hakan. Hana aro ne kawai bakinsa ba ya iyawa, musamman in ƙanin matarsa ne ya zo, wanda kowa ke kira Auta.

"Yallaɓai, aron gimbiyar taka na zo," in ji Auta, yana karkaɗa ƙafa a kan kujerar falo. "Gonar abokina za mu leƙa mu dawo."

"Kai da ko baro ba ka iya turawa a miƙe?"

"Yaya, kina jin mijinki ko?"

Daga kicin matar ta ɗaga murya. "Ba shi mana. Mota ce fa, ba jaririya ba."

Mai Kemis ya ce bari ya duba mai, ya nufi gareji. Ya kuwa duba man, don kada maganarsa ta zama ƙarya. Sannan ya zauna yana kallon wani ɗan maɓalli mai juyawa da ke bayan giyar motar. Motar da tayoyinta huɗu take ja, maɓallin kuma shi ke tsara yadda na gaba da na baya za su raba ƙarfin inji. In an sassauta shi, kowane ɓangare na juyawa gwargwadon buƙatarsa, motar ta sha kwana kamar a mafarki. In an ɗaure shi tamau, gaba da baya sai su juya tare, ko suna so ko ba sa so. A kan kwalta, a matsattsiyar kwana, tayoyi su dinga gurzar ƙasa, motar na kakkarwa tana turjiya.

Ya murɗa shi har ƙarshe.

Bai lalata komai ba, ya faɗa wa zuciyarsa. Bai kuma furta komai ba. In Auta ya tsorata ya dawo da makulli, ai tsoronsa ne ya hana shi.

Auta ya karya sitiyari zai fita ƙofa, motar ta yi gurnani, ta girgiza shi har hularsa ta karkace.

"Yallaɓai, lafiyarta kuwa?"

"Yadda ka ji ta, haka take."

"Gardama ce kawai. Halin mai ita ta ɗauko." Ya gyara hula, ya taka mai, ya fice.

Wannan kam ba ya cikin lissafi. A shago Mai Kemis ya kasa zama. Ya san in an ɗaure maɓallin nan, a kwanar babban titi hancin motar waje yake nufa, komai juyin sitiyari. Ya ɗauki waya, ya ajiye. Kiran ai tona asirin kai ne. Da hadari ya haɗu ruwa ya kece, sai ya daina ciniki da zuciyarsa ya kira. Wayar ba ta shiga ba.

Rana na shirin faɗuwa motar ta shigo gida, taɓo har gilashi. Mai Kemis ya fara duba Auta, abin da ya ba shi mamaki shi kansa, sannan ya zagaya motar.

"Yaya, fito ki ji!" Auta ya yi kira. "A kwalta lallaɓa ta na dinga yi, don ta ƙi kwana. Amma da ruwa ya mai da hanyar gona taɓo zalla, kowa ya kafe, ni kaɗai nake tafiya kamar an shimfiɗa mini tabarma. Har wasu na jawo. Wani direban babbar mota ya leƙo ya ga maɓallin nan, ya ce wanda ya murɗa mini shi ya san hanyar da zan bi."

Matar ta dubi mijinta da wani irin kallo mai taushi da ya daɗe bai samu ba. "Ka ga mutum. Ya yi alheri, ya yi shiru."

"To, damina kam na sami mota," in ji Auta. "Duk mako ina nan tafe." Ya kama hannun Mai Kemis da hannu biyu. "Yallaɓai, Allah ya saka maka daidai da niyyarka."

"Amin!" in ji matar. Ta juyo. "Ba ka ce amin ba."

Mai Kemis ya sunkuya yana ɓamɓarar taɓo daga jikin ƙofa.

"Ina dai tunani tukuna," ya ce.